Shekarar da Yaya Bawa Ya Zame Igiya

Na gaji da gardamarku. Duk ranar da kuka taru a gidan nan, tuwo bai gama sauka ciki ba kun fara. Wannan ya ce wanda Almasihu ya ceta ya cetu har abada, wancan ya ce a'a, in mutum ya saki bangaskiya ya saki ceto. Ku buɗe nan, ku buɗe can, uwarku na kwashe kwanoni ba mai ce mata sannu. Na kuma san ba son ilimi ya sa ku ba. Saboda ƙanenku ne, da ya daina shiga majami'a tun da ya tafi Arlit, kuna so ku san ko har yanzu ɗan'uwanku ne a gaban Allah. Ni karatuna bai wuce bin baƙi da yatsa ba, mai ginar rijiya ne ni. Amma wannan gardamar na gan ta da idona, da ran mutum a cikinta, a shekarar babban fari, lokacin soja na mulki. Zan rubuta muku ita yadda ta faru. Ciki har da amsar abin da kuke faɗa a bayan idona, wai da na karɓi aikin gawayi na Cirozerin da ba ku tashi cikin talauci ba.

Mu uku muka zo Agadas daga ƙasar Gobir: ni, da yayana Bawa, da Baba Ishaku, tsohon da ya koya mana ginar rijiya, shi ne kuma dattijon da ke bi da mu a sujada. Masu bi a garin ba mu da yawa. Ran Lahadi a zauren Baba Ishaku muke taruwa, tabarmi kaɗan sun ishe mu har da baƙo. Mutanen gari Musulmi ne, suna ba mu aiki a garakensu na bakin ƙoramar Telwa don sun ga rijiyarmu ba ta ruftawa. Baba Ishaku yana da dokokinsa na aiki, kuma da mari yake koyar da su. Mutum ba ya ɗaura wa kansa igiya. Na sama ne ke ɗaura masa, ƙarƙashin hammata, ƙullin a baya tsakanin kafaɗu inda hannu ba ya kaiwa. Kafin kowa ya shiga, a sauke fitila. In harshenta ya kwanta, iskar ƙasa ta mutu, ba mai shiga sai an kaɗa mata sabuwa. Na ƙasa kuma ba ya yin shiru. Ya yi waƙa, ko zance, ko zagi ma, muddin na sama na jin murya ya san akwai rai. Yaya Bawa ne mai shiga, ni ne mai riƙo. Shi waƙoƙin sujada yake yi a can ƙasa, da wata murya kamar ana jan gwangwani bisa dutse. Akwai wani mai garka da ya taɓa leƙawa ya ce mini:

"Don Allah ka ce wa na ciki ya yi shiru, kada ruwan ya ji tsoro ya ƙara nitsewa."

Sai damina ta zo ta wuce ba ta zo ba. Telwa ba ta gudana ba, yashinta ya yi fari kamar gari. Buzaye suka sauko daga duwatsun Abzin ba raƙumi ba akuya, suka kafa tabarminsu a bayan gari, mutanen da a da ba sa kallon tuwon dawa suna tsaye a rana suna jiran soja su auna musu jar dawa daga bayan kamiyo, babbar motar kaya. Mu aiki ya yi mana yawa, abinci ya yi mana kaɗan, don kowa na son a ƙara wa rijiyarsa zurfi, ba kowa ke da abin ba mu ba. Sai ƙyanda ta shigo bisa yunwa. Ta ɗauki Lami, ɗiyar Yaya Bawa, kabarinta bai bushe ba ta dawo ta ɗauki ƙanenta. Su ke nan gare shi. Da dagin da muke ginar rijiya ya gina kaburburan, bai yarda na taya shi ba. Lahadin da ta biyo bai zo sujada ba. Baba Ishaku ya sa takalmi ya tafi da kansa, na bi shi. Muka iske shi zaune a ƙofar ɗaki yana wasa bakin dagi.

"Bawa, kai ake jira."

"Ku yi abinku, Baba."

"Mi kake nufi?"

"Na roƙe shi ɗiyan nan. Na ce ko guda ya bar mini. Na roƙa har murya ta dushe. Ni da shi ba gaba, ba zumunci. Na gama."

Bai shiga masallaci ba, bai je wurin boka ba, bai kama shan giya ba. Da ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, da mun san sunan abin. Shiru kawai ya yi. Yana aiki, yana kawo abin da ya samu, ran Lahadi ya tafi yawon neman itace. A cikin rijiya kuma waƙa ta ƙare. Ku da ba ku taɓa riƙe igiya ba, ba za ku gane abin da shirun nan yake yi wa na sama ba. Kana tsaye a bakin rami mai duhu, yayanka na ciki, ba ka jin komi sai saran dagi, in saran ya tsaya zuciyarka ta tsaya tare da shi. Sai na koyi jan igiya kaɗan-kaɗan, shi kuma ya ja ya amsa mini. Iyakar zancenmu ke nan a wannan shekara.

Gidanmu ya rabu biyu, kamar yadda kuka rabu yanzu. Baba Ishaku ya hana a ajiye masa wuri a jibin Ubangiji, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa in Bawa ya mutu a haka, shi ba zai tsaya bakin kabari ya ce ya yi barci cikin Ubangiji ba. Ba mugunta ba ce, tsohon yana kuka yana faɗa. Wadda ta tsaya masa kuwa Hannatu ce, matar Yaya Bawa, uwar yaran da aka binne. Ba ta san ko baƙi guda ba, amma abin da ta ji a sujada ba ya fita daga kunnenta. Wata la'asar tana tankaɗen jar dawa, tsohon na zaune bisa turmi, suka kama.

"Ɗiyata, reshen da ya rabu da itace wuta ke jiransa. Ba ni na faɗa ba, a rubuce yake."

"A rubuce yake kuma, Baba, tunkiyar da ke hannun makiyayi ba mai fizge ta. Ku kuka karanta mana."

"Ba wanda ya fizge shi. Da ƙafarsa ya fita."

"To makiyayin barci yake yi?"

"Kul! Iya bakinki."

"Ni ma ɗiyana ne, Baba, ni na haife su. In ban saki ba, ba ƙarfina ba ne, don ba ni da shi. Wanda ke riƙe da ni shi ke riƙe da baban Lami, ko ya sani ko bai sani ba."

Cikin wannan hali ne wani ɗan garinmu da ke aiki a wurin haƙar gawayi na Cirozerin ya zo ya ce ana neman mutanen da suka san gina, ya kuma yi mini magana an yarda. Ɗaki, da albashi duk wata, da likita. Uwarku na ɗauke da cikin babbanku, ƙafafunta sun kumbura, abin da muke ci bai isa mutum guda ba. Baba Ishaku ya ce in tafi, ina da iyali, ba zan iya riƙe wanda ya saki kansa ba. Uwarku ba ta yi kuka ba, ta ce kawai yunwa ba ta san wa da ƙane ba, ta fara ɗaure kayanta. Na yi niyyar tafiya, kada ku ce ban yi ba. Hannatu ce ta tare ni a bakin zaure. Ita da ni wasa muke yi tun ranar da aka kawo ta gidan, ragon miji take kirana, amma ran nan ba dariya a fuskarta.

"Ragon miji, an ce za ka tafi ka zama ma'aikaci."

"Haka ake cewa."

"Allah ya kiyaye hanya. Wa ka bar wa igiyarsa?"

Na san amsar. Ba mai ginar rijiya a Agadas da zai yarda ya riƙe wa mutumin da ba ya magana. Wanda zai yarda kuwa, ba zai ja ya saurara ba. Kamiyon Cirozerin ya tashi ba ni ciki. Uwarku ta kwance kayanta, ta daɗe tana ajiye mini tuwo ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Wurin da na bari wani ya samu, ya gina gidan bulo da siman, ƴaƴansa sun yi karatun lakkwal har birni. Ku kuka tashi kuna tallan ruwa. Wannan ne kuɗin abin da na zaɓa, kuma ku kuka biya rabinsa ba a tambaye ku ba. Na sani.

Ana nan, wata safiya wani ajidan na soja ya zo gidan. Tsohuwar rijiyar da mutanen bayan gari ke sha ta ƙafe, taɓo suke tacewa da bakin zane, an ba da umarni a ƙara mata zurfi a ranar. Muka tafi da kayanmu. Muka kafa gwafanni, muka ɗora gungume, Baba Ishaku ya sauke fitila. Tana kusa da ƙasa harshenta ya ƙanƙance ya kwanta. Bai mutu ba, amma ya kwanta.

"Sai mun kaɗa mata iska tukun," in ji tsohon.

"Yara na mutuwa da ƙishirwa, tsoho, kai kana mini zancen fitila?"

Ban riƙe ajidan ɗin a zuciya ba. Mutumin kullum shi ke sa a binne waɗanda yunwa ta kashe, idonsa ja kamar gauta. Amma kafin Baba Ishaku ya sake buɗe baki, Yaya Bawa ya riga ya tuɓe riga ya juya mini baya.

"Ɗaura mini, Dauda."

Na ɗaura. Ƙullina ne, ban taɓa yin wanda ya fi shi kyau ba. Da can sa ko raƙumi ke jan igiya, amma ba dabba mai tsayuwa da ta rage, sai aka tara mazan wurin, da wani dogon Buzu mai suna Gumar a gabansu, mutumin da aka ce a da ba a ƙirga raƙumansa. Yaya Bawa ya sauka. Na ji sara, kwando ya fito da ƙasa mai danshi, ya koma. Na ja, ya amsa. Kwando ya sake fitowa. Sai saran ya tsaya. Na ja, ba amsa. Na sake ja, na kira shi, ramin ya mayar mini da muryata. Na ce a ja! Mutanen suka ja da ƙarfinsu duka har suka kusa faɗuwa ta baya, don igiyar ba nauyi. Zoben igiyar ya fito wayam, ƙullina na nan yadda na ɗaura shi. Yaya Bawa ya ɗaga hannuwa ne ya zame ta ta kai, abin da masu gina kan yi in sun ga tsoho ba ya kallo, abin da Baba Ishaku ya sha marinmu a kansa muna samari. Na fara zura zoben a jikina, sai tsohon ya doke hannuna.

"Kai buhun gero ne, wa zai jawo ka, waɗannan masu yunwa? Ni ƙashi ne da fata. Kawo igiya ta biyu, ɗaura mini."

"Baba, ku da kuka ce..."

"Na ce abin da na ce! Ɗaura, ɗan banza, yana mutuwa!"

Ban taɓa jin zagi a bakinsa ba sai ran nan. Na ɗaura masa tasa, ya rataya zoben Yaya Bawa a kafaɗa, ya jiƙa rawaninsa ya rufe hanci, ya cika ƙirji da iska, muka sauke shi da sauri har igiya na cin fatar tafina. Mutumin da ya daina shiga rijiya tun kafin in yi gemu. Na kwanta rub da ciki ina leƙe, ba na ganin komi. Ban san tsawon lokacin ba. Sai igiyar Yaya Bawa ta motsa a hannuna. Wannan karon akwai nauyi. Mazan suka ja, ƙafafunsu na zamewa a yashi, ƙarfinsu bai isa ba, sai ga matan wurin sun zubar da tulunansu sun kama, tsofaffi ma suka kama. Gumar na salati da ƙarfi, ni ina kiran sunan Yesu da ƙarfi, ba wanda ya gyara wa wani. Kan Yaya Bawa ya fito, fuska toka-toka, muka kwantar da shi. Na koma kan igiyar tsohon na ja. Ba amsa. Muka ja. Na ga rawaninsa ya fara fitowa, kansa a lanƙwashe, hannuwansa na reto a gefe, tafukan a buɗe, bai riƙe komi ba. Ƙullin da ke bayansa shi ya fito da shi.

Gumar ya durƙusa bisa Yaya Bawa yana danna masa ƙirji kamar mai kwaɓa laka. Hannatu ta iso ke nan da ƙwaryar kununmu na rana, ta yar da ita ta faɗi a kansa. Tsohon ne ya fara tari. Bai buɗe ido ba ya ce:

"Ya fito?"

Daidai nan Yaya Bawa ya shaƙi iska da wani irin gurnani, ya juya ya yi amai. Ban san wace mace ta fara guɗa ba, amma ta kama wurin duka, mutanen da suka daɗe ba su ji komi ba sai kukan mutuwa. Gumar ya rungume ni har ƙasusuwansa na sukata. Ajidan ya cire hularsa, da hannunsa ya taya mu muka sa su a kamiyo zuwa likita. Bayan haka ya bar mu muka yi yadda ya kamata: muka ɗaura tabarmi da rassan itace muna saukewa muna jawowa har fitila ta tsaya cik a ƙasa, sannan na shiga, Gumar ya riƙe mini. Ƙasan dutsen da Yaya Bawa ya fara fasawa ruwan yake. Na ji shi yana hawa idon sawuna, sanyi kamar na randa, na yi ihu har na sama suka zaci wani abu ya same ni.

Da aka maido su gida, Hannatu ta kai wa tsohon kunu, ta zauna daga nesa, ta yi fuskar kirki. Na san akwai magana.

"Baba, da aka fito da ku, mi kuke riƙe da shi?"

"Igiya mana."

"Ragon miji, faɗa musu."

Na ce, "Hannuwanku a buɗe suke, Baba, kamar na jariri mai barci."

Ya daɗe yana juya ludayi.

"To. Amma shi ya zame tasa. Mutum na iya zame igiya. Na gani, kun gani."

"Mun gani. Mun ga kuma wanda ya bi shi har ƙasa."

"Ke dai bakinki ya fi dagi kaifi," in ji shi, yana dariya tari na shaƙe shi.

Kada ku zaci Yaya Bawa ya tashi ya faɗi ƙafar tsohon yana godiya. Abin da ya ce masa da farko shi ne, wa ya aike ku? Tsohon ya ce, wanda ka ce ka gama da shi. Sau ɗaya na tambaye shi dalilin da ya sa ya zame igiyar, ya ce ta dame shi ne wajen saran dutse. Ban sake tambaya ba. Lahadi ta zo bai zo sujada ba, ta sake zuwa bai zo ba. Baba Ishaku kuma har ya mutu bai sauya koyarwarsa ba, yana nan yana gargaɗin reshe da wuta, sai dai zancen kabarin Bawa bai ƙara fita bakinsa ba, ƙirjinsa kuma bai ƙara komawa daidai ba. Hannatu ma ba ta sauya tata ba. Don haka in kuna jiran in ce wannan ne mai gaskiya a cikinku, ba za ku samu ba. Na ga mutum ya zame igiya da hannunsa, na ga mutum ya saki komi ƙulli ya fito da shi, duk a rami guda, a rana guda. Abin da na sani shi ne, da na tafi Cirozerin da ba mai ja ya ji shiru. Ƙanenku ya yi shiru, to. Wanne a cikinku ya ja ya saurara? Ku rufe littattafan nan ku kira shi, ba don ku yi masa wa'azi ba.

Damina ta dawo a shekarar da ta biyo. Telwa ta zo da ja da kumfa, garin duka ya fita kallo, masu garake suka fara kiranmu mu yashe musu rijiyoyin da ambaliya ta cika da yashi. Muna garkar mutumin nan mai tsoron kada ruwansa ya gudu. Yaya Bawa na ƙasa, ni ina riƙe, Baba Ishaku na zaune a inuwar dabino yana tari, don ba ya iya zaman gida. Kwando ya cika, lokacin fitowar Yaya Bawa ya yi, na shirya in ce a ja. Sai na ji wani abu daga ƙasa. Na zaci nishi ne, na kwanta na kasa kunne. Gwangwani ne ake ja bisa dutse. A hankali da farko, kamar mai jin kunya, sannan ya buɗe, waƙar da muke rufe sujada da ita, duk ya ɓata mata kari kamar kullum. Mai garka ya taho da gudu yana cewa an fara kuma, wallahi an fara. Ni igiya na hannuna, ba na gani sosai, ban san ko in ja ko in bari ba. Na waiwaya wurin tsohon. Ya riga ya miƙe, yana dafe da dabinon, rawani a hannu.

"Kada ka jawo shi," in ji shi. "Bari ya kai ƙarshen baiti."